Inda Aka Binne Cibiyar Alhaji

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ranar da kalmar Turanci home ta kusa kai maƙwabcina Kano ba za ta goge ba.

A makarantar mishan da na yi a Najeriya, kafin kasuwanci ya kawo ni Bangui, malaminmu yakan ce babu kalmomi biyu da suke daidai, sai dai su yi kama. Da bulala ya koya mana wannan, ni kuma na riƙe.

Bayan rikicin da ya ɗaiɗaita unguwarmu, wata Baturiya mai aikin agaji ta zo harabar Masallacin Koudoukou. Tana tantance waɗanda za a gyara wa gidajensu a nan da waɗanda za a mayar ƙasashensu. Turanci kawai take ji, saboda haka aka kira ni tafinta. Ta tambayi maƙwabcina, wani dattijo mai sayar da atamfa, ina ne home ɗinsa.

Na ce, “Alhaji, ina ne gida?”

Ya ce, “Kano mana, Malam.”

Haka al'adarmu take: in an tambayi mutum gida, garin kakanninsa yake ambata. Da na fassara, da sunansa ya shiga cikin masu tafiya. Sai na roƙi Baturiyar ta fayyace nufinta: house, wato ginin, ko residence, inda yake zaune, ko birthplace, mahaifa, ko origin, asali? Ta ce ba ta taɓa rarrabe su ba. Ta zaɓi mahaifa.

Na koma kansa. “Ka taɓa zuwa Kanon?”

“Sau ɗaya. Na ɓace a kasuwa, yara suka yi ta yi wa Hausata dariya, wai yaren Sango na nan ƙasar ya cinye ta.”

“To, ina aka binne cibiyarka?”

“Unguwar Kokoro, nan Bangui, bayan ɗakin tsohuwata. Wannan ma abin tambaya ne?”

Na fassara mata daidai yadda ya faɗa. Aka sa masa sabon rufin kwano, kuma a ƙarƙashinsa ya ƙarasa kwanakinsa.

Har yanzu ina mamakin yadda kalma mai harafi huɗu ta ɗauki ƙasashe biyu. Abin da na koya shi ne, tafinta bai kamata ya kai amsa ba sai ya tabbata mai tambaya da mai amsa abu ɗaya suke nufi.