Faifan Direba a Gonar Kawu

Ni na jawo wa Kawu wannan matsala, har yau in na tuna kunya nake ji. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon malamin firamare, shi ne kuma sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa a Jajaye. Kwamfutarsa ta yi nauyi, ni kuwa ina ji da kaina saboda ɗan kwas ɗin kwamfuta da na yi a Karaye, sai na goge ta kaf na zuba mata sabon tsari. Ta tashi garau, amma ta daina ganin intanet. Ga shi ranar ce ta ƙarshe ta tura sunayen masu neman iri, shafin da ake tura su kuma ba ya buɗewa a waya.

Na ce, "Kawu, katin intanet ɗin ne ba shi da direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Ina faifan da ya zo a kwalinta?"

Ya sosa ƙeya. "Mai ƙyallin nan? Ai yana gona."

Ashe da gero ya fara ido Kawu ya ɗaure faifan a igiya yana korar tsuntsaye. Muka je muka kwance shi, rana ta gama da shi, ya ɓare kamar ɓawon rogo. Dariya ta zo mini, na kalli fuskarsa na haɗiye ta.

Na sauko da direbobi biyu a wayata bisa cinta-cinta, duka katin ya ƙi su. Manoma kuwa sun cika ƙofar gida tun azahar, wasu daga Rogo Ruma suka taso. Sai na bar gaggawa na buɗe jerin kayan cikin kwamfutar, na nemo wanda ke da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa. A bayanansa akwai lambobi kashi biyu, na farko na kamfanin da ya ƙera katin, na biyu na samfurinsa. Na kwafe su a tafin hannu, na bincika a waya, sunan direban ya fito. Na sauko da shi na sa wa kwamfutar, intanet ya dawo. Ana kiran la'asar sunayen suka tafi.

Da muka fito wani dattijo ya ce, "Malam, me ya tsayar da mu haka?"

Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Kwamfutar ce ta tsufa kamar mai ita. Yaron nan ne ya tashe ta."

Suka yi ta sa mini albarka ina cewa amin. Har Kawu ya rasu ban gyara maganar nan a gaban kowa ba.