Shagon da Ya Juya wa Titi Baya

Duk abin da zan manta a duniya, ban da Asabar ɗin da na sa aka fasa bangon shagon Babana. Har yau in na tuna, haushi ne yake fara zuwa kafin dariya.

Wanda ya ga jerin shagunan nan na bayan garin Kafanchan yanzu, da benaye da hayaniyar masu babur, ba zai yarda cewa gonakin citta ne a da ba. Shago huɗu ne suka fara tsayuwa a wurin, tsakanin titin mota da layin dogo. Uku sun kalli titi, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Na huɗun namu ne. Baba, tsohon ma'aikacin reluwe, ya zuba kuɗin sallamarsa a gini, ya sa ƙofa ta kalli layin dogo.

"Za a yi tasha a nan," haka yake cewa. "In fasinja ya sauka, wa zai fara gani?"

Tasha shiru. Shekaru suka tafi, aka samu teloli, aka samu kemis, motocin Kagarko suka fara tsayawa. Mu kuwa bangonmu ya zama wurin manna takardun taron addu'a, da wurin tsuguno. Mama tana zaune da sabulu da madara suna tsufa, ba mai leƙowa sai awaki. Da shagon nan muke ci, kuma yana mutuwa muna kallo. Na yi magana, fasto ya yi, 'yan'uwansa sun yi. Baba ko gezau.

Ranar da ya tafi biki Zangon Kataf na kawo magini ya buɗe mana ƙofa ta gefen titi. Mama tana ta cewa, "Yesu, yarinyar nan za ki kashe ni," amma ita ta nuna masa inda zai fasa. Kafin rana ta yi tsaka haske ya shigo, har wata mata ta tsallake baraguzai ta sayi gishiri. Daɗi ya kwashe ni, na ce wa magini ya toshe tsohuwar ƙofar ma, kowa ya huta.

Ya jera bulo layi biyu ke nan sai ga Baba, wai motarsu ta lalace a hanya. Na gyara tsayuwa, na shirya faɗa. Ya dubi ramin bango. Sai ya juya ga bulon.

"Wancan kin buɗe don Mamanki, ban hana ba," in ji shi. "Wannan kuma me ya yi miki? Duk rayuwana a layin nan na yi. Ki bar min inda zan zauna."

Da hannuna na kwashe bulon, ina jin kunya kamar in nutse.

Shago ya farfaɗo. Abin takaicin kuma, mutanen hayin dogo suka mai da shi hanya, su shigo ta baya, su yi sayayya, su fita ta gaba. Baba yana kan kujerarsa sai ya ɗaga murya: "Kin gani? Fasinja!" Wallahi ji nake kamar in fashe.

Baba ya rasu, tasha har yau ba a yi ba. Abin da na koya shi ne, kana iya gyara kuskuren mutum ba tare da ka raba shi da abin da ya riƙe ransa ba. Kowace safiya ina buɗe ƙofar bayan nan ina mita, sannan in fito da kujerarsa.