Shekarun da Tatsuniyar Iya Ta Cinye Mini

A gidan hayar da na tashi a Ogui, cikin Enugu, murhun gawayin Iya ne majalisarmu. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, wanda mahauci ne a mayankar gari. Da an idar da Magariba za ta jera masara a kan waya, mu kewaye ta, har da Ngozi 'yar maƙwabta, sa'ata, wadda ta iya Hausa kamar a ɗakinmu aka haife ta.

Ngozi tana shekara uku aka sa ta makarantar nazare. Kullum da safe in tsaya bakin ƙofa ina kallon jakarta da farar safarta, in yi ta kuka. Baba ya so ya kai ni. Iya ta ce sam, kan yaro bai yi ƙwarin ɗaukar boko ba sai ya wuce shekara bakwai. Duk ranar da ya tayar da maganar, da yamma mun san tatsuniyar da za mu sha.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," in ji ta, tana juya masara.

Wai wata maginiya ce ta gina tukwane biyu ta shanya. Ƙaramar ta ga tuluna suna zuwa rafi, ta ce ita ma sai ta je. Maginiya ta ce ta bari a gasa ta tukuna, ta ƙi, ta gangara da kanta. Tana taɓa ruwa ta narke ta koma laka. Babbar kuwa ta yi haƙuri aka gasa ta, har jikokin maginiya suka ci tuwonta.

"Ka ji ko, Ɗanladi?" Iya za ta ce da Baba, mutum da gemunsa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Iya."

Sai da na shekara takwas na shiga aji ɗaya. Na fi kowa tsawo, kuma ni kaɗai ce ban iya riƙe fensir ba. 'Yan ƙanana suna karanta allo, ni ina zare ido. Sau biyu na maimaita aji. Na dage dai har na gama jami'a, amma a lokacin Ngozi ta daɗe tana aiki.

Ranar da na je ganawar neman aiki a wani banki, matar da ta gana da ni ta duba takarduna ta ce na ci jarrabawarsu da kyau, sai dai shekaruna sun haura ƙa'idarsu da biyu. A kan okada na yi kukana har gida. Wallahi ranar na ji haushin tukunyar nan kamar mutum ce. Iya tausayina ta ji, na sani. Amma ita da ta ga ginin tukunya tun tana yarinya, ta manta cewa laka tana ɗanya ake ba ta siffa?

Bana 'yata Hanifa ta cika uku, na kai ta nazare. Iya, wadda ta koma Kano da tsufanta, ta sa aka kira mata ni a waya.

"Yanzu ke Bilki, jaririyar kika kai boko? Ba ta kuka?"

"Tana yi, Iya, kullum sai an ɓamɓare ta daga zanina."

"To ki bar ta a gida mana!"

"A'a, Iya. Ni ma ina fita ƙofar makarantar nake yin nawa kukan. Amma gobe ma za ta je."