Kwandunan Bushta

Shekara talatin da ɗaya Bushta ya yi yana durƙuso a wata masana'antar zallij da ke birnin Fas, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Zallij, wato 'yan ƙananan tayil masu launi, a kife ake jera su a ƙasa, a zuba musu siminti ta baya. Ba mai ganin fuskar aikin sai ranar juyawa. To a ranar nan kam, ba a ɓoye wa kowa komai.

Bara ne idon Bushta ya fara cin amanarsa. Shuɗi da kore suka koma masa abu guda. Bai faɗa wa ko matarsa ba, don mai jeri in ya rasa launi, ai sai gida. Dabarar da ya yi, kwandon kore a dama, na shuɗi a hagu. Kullum da fargaba yake wuni.

Ran Alhamis aka zo juya zallij ɗin bangon wani masallaci, aikin mako shida. Mutum takwas suka kama, Si Allal shugaban aiki ya ce bismilla, aka ɗaga. Bushta ya ƙura ido, shi dai hazo yake gani.



"Kai! Shuɗi uku a tsakiyar kore," in ji Hammadi, wani magini mai bakin tsiya. "Wannan kusurwar ta wa ce ma?"

Kowa ya san ta wa ce. Si Allal ya duba agogo ya ce, "Ku je ku ci abinci. Baba Bushta, taya ni duba wani abu."

Shi ke nan, ta faru ta ƙare, in ji Bushta a ransa. Da aka watse ya riga Si Allal magana. "Ma'allim, kada ka wahalar da bakinka. Idona ne."

"Na sani. Tun ranar da ka yaba wa koriyar rigata ka ce shuɗin ya yi kyau."

Si Allal ya ci gaba.

"Wata bakwai ke nan kullum ake tsince maka kwanduna, a ware kore da shuɗi, kafin ka iso. Ranar da ka jera kusurwar nan an tafi jana'iza, ban bar wa kowa sallahu ba. Laifina ne, tuntuni ya kamata mu zauna. Daga Asabar kai da Hammadi za ku durƙusa wuri ɗaya. Shi ido gare shi kamar shaho, hannu kuwa Allah ya sawwaƙe. Ya miƙo launi, kai ka jera. Ko ya koyi wani abu."

Kunya ta rufe Bushta, ta fi tsoron ma ciwo. "Don Allah, Ma'allim, kada su ji dalili."

Si Allal ya kawar da kai yana sosa gemu. "Baba, ni sai ƙarfe takwas nake zuwa. Wa kake tsammani yake tsintar? Abokan aikinka ne, karɓa-karɓa suke yi, kowa da ranarsa. Shi mai bakin nan Litinin da Laraba ne nasa."