Allurar da Ban Kai Tozai Ba

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da wani abokin aiki da zai sauka Sabon Birni. Tun daga Goronyo nake duban sama. Bana ma damina ta makara, gonaki fayau, gulbi ya koma rairayi. A tashar Sabon Birni na sayi ƙosai, ya ƙanƙance har na tambayi mai tuyar ko shi ma fari ya taɓa shi. Ta ce in tafi in tambayi masu wake.

Daga Isa na hau babur zuwa Tozai, garinmu. Ƙanena na da ciwon da ke cinye tsoka. Bara yana dafa bango, bana sai an ɗauke shi. Wani kuma ya gaya wa Inna wai ina haɗa allurar tsoka a ɗakin bincike.

Na iske ta tana cuɗa irin gero da toka, za a yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Jakata ta fara karɓa ta duba kafin ta dubi fuskata.

"Ka zo da ita?"

Na ce a'a. Na yi mata bayani iya yina: akwai ɗan zoben ƙwayar gado da muke kira plasmid, mai ɗauke da saƙon da tsoka ta rasa. In an tsira shi tsirara, sinadaran jiki kan daddatsa shi kafin ya shiga. Shi ne muke neman rigar da za ta kare shi, ba tare da mun ɗora shi bisa ƙwayar cuta ba. A ɓeraye kaɗai muka gwada, kuma ko nan ba zan ce ya yi ba tukuna.

Ƙanena ya yi dariya daga kan tabarma. "Yaya, ashe ɓeran birni ya fi ni gata. Ka rubuta ni cikinsu mana."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da cuɗa irinta, can ta ce, "Wanga ma don tururuwa nike sa mishi toka. Yaushe naku ruwan za shi zo?"

Na so in ce baɗi. Wallahi na so. Na ce ban sani ba, mai yiwuwa a daɗe.

Kwana biyu na yi. Ni na riƙa ɗaukarsa zuwa inuwa, ya fi bara rashin nauyi. Da za ni tafi ya ce in gaida ɓeraye.

Na iso Sakkwato da magariba, ba ɗigon ruwa ko ɗaya a hanya. Abin da na koyo kaɗan ne: Inna ta fi son gaskiya da lallashi, kuma ba ta fasa binne don sama ta yi shiru ba. Washegari na koma kan aikin rigar plasmid ɗin nan, da tokar hannunta a hannun jakata. Ban goge ba.