Ƙyallen da Ya Gaza Awo

A zauren cocinmu na Kentucky, inda mata ke haɗa ƙyallayen da kowacce ta ɗinko su zama bargo guda, wata baƙuwar dattijuwa tana tsaye rungume da nata. Yatsunta sun kanannaɗe da tsufa, tana shafa ƙyallen kamar kafaɗar mutum.

Verna mai awo ta gwada shi. Ya gaza da faɗin farce, wanda ya gaza kuwa ba ya shiga.

"Iya, allurarki ta yi rowa!"

"Rigar ce ta ƙare, 'yata."

Daga rigar namiji aka yanko ƙyallen, kuma ina zaton mai ita ya riga mu gidan gaskiya.

Verna ta yanko siririn yanki daga yadinta. "Zauna, Iya, mu ƙara masa baki. A tsakiya zai kwana."