Gonar da ke ƙarƙashin tankar yaƙi

Jiya a gidan rediyo ina fassara labarin yadda jirage marasa matuƙa ke ƙona tankokin yaƙi, sai kawuna ya faɗo mini a rai. Damina biyu ke nan da rasuwarsa.

Zuwana na ƙarshe ƙauyenmu Kona, na same shi bakin rumbu yana gyaran ƙotar hauya, rigarsa na warin hayaƙin kara. Na nuna masa hoton wata tanka da aka tarwatsa, ina ta bayanin kaurin ƙarfenta. Ya kawo salular dab da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wannan ƙasa baƙa ce, ta sha ruwa. Gonar wa ce?"

Na ce labarin bai faɗa ba.

"To ku masu rediyo me kuke tambaya? Mai ita ya samu ya yi shuka bana?"

Dariya na yi masa. Da zan same shi yau, da na zauna kusa da shi na ce har yanzu ban sani ba, amma na fara tambaya.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya sanyaya makwancinka.